Bidiyon 4K yana sarƙewa a kwamfutata, wane katin hoto zan saya?

Abban Safiyya (Makka): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Masu ilimin kwamfuta don Allah ku taimaka min da shawara. Ina da Dell OptiPlex, irin 'yar siririyar nan ta ofis, ta hannu na saye ta. Firosesa i5-4570 ne, RAM giga 8, Windows 10 ke kanta. Kwanan nan na sayi talabijin mai 4K inci 55 na jona ta. Rubutu da hotuna lafiya lau. Amma da na kunna bidiyon bikin ƙanwarmu da aka turo daga Kano, sai ya riƙa tafiya yana tsayawa, murya ta yi gaba hoto na baya, fanka kuma tana ta ƙara. YouTube ma haka: a 1080 sumul, ina ɗagawa zuwa 2160, wato 4K, sai sarƙewa. Wani mai shago ya ce kart shasha, wato katin hoto, zan saka, ya nuna min wani mai giga 4. Na ce bari in ji ta bakinku kafin in ba da kuɗina. Abin da na ware bai wuce riyal 500 ba.

Habibu (Jidda): Wa alaikumus salam Yaya. Mai shagon ya yi gaskiya, kati ne. Amma kar ka sayi ƙarami ka zo kana da-na-sani. Ka daure ka cika kuɗi ka ɗauki RTX 3060, ka huta da maganar kati na shekaru.

Mustafa (Madina): Anya ba intanet ba ne kuwa? YouTube da kansu sun ce 4K yana son wajen megabit 20 a sakan, 1080 kuma biyar ta ishe shi. A masaukinmu na ɗalibai da daddare in kowa ya hau, ko 720 da ƙyar yake tafiya.

Abban Safiyya (Makka): Malam Mustafa, bidiyon bikin a cikin kwamfutar yake, na riga na sauke shi. Ko na cire wayar intanet haka yake yi.

Injiniya Nura (Riyad): Habibu ƙanena, RTX 3060 ba zai ma shiga akwatin nan ba, balle a zo maganar wuta. Katin yana shan wat 170, kuma NVIDIA sun ce a haɗa shi da akwatin wuta mai wat 550. Na cikin sirarran OptiPlex wat ɗari biyu da wani abu ne, ba shi ma da wayar nan mai baki shida ko takwas da manyan katuna ke buƙata.

Abban Safiyya, kafin a je kasuwa yi min abu biyu. Kunna bidiyon bikin, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance ka ga CPU, wato firosesa, kashi nawa yake, sannan ka danna GPU ka duba layin da aka rubuta Video Decode. Na biyu, buɗe bidiyon 4K a YouTube, ka danna ɓangaren dama na linzami a kansa, ka zaɓi Stats for nerds. Faɗa min abin da ke gaban Codecs, da kuma firem nawa ya nuna sun zube.

Abban Safiyya (Makka): Na duba Injiniya. CPU yana manne a kashi 100, ba ya sauka. Layin Video Decode kwance yake a ƙasa, ko motsi babu. A YouTube an rubuta vp09, firem ɗin da ke zuba kuwa lambar hawa kawai take yi ina kallo.

Injiniya Nura (Riyad): Alhamdu lillah, ciwon ya fito fili. Bari in ɗan tsawaita, saboda tambayar nan tana yawan dawowa a zauren nan kuma mutane na asarar kuɗi a kanta.

Bidiyo kamar kayan alhaji ne da aka danne aka ɗaure tamau don ya wuce awo a filin jirgi. In an isa gida dole a kwance shi kafin a ga abin da ke ciki, kuma kowane ɗauri da yadda ake kwance shi. Tsohon ɗaurin shi ne H.264, tun 2003 yake, kusan kowace na'ura ta iya shi. A 2013 aka fito da HEVC, wanda ake kira H.265, a shekarar kuma Google ta fito da VP9. A 2018 AV1 ya zo. Sababbin sun fi matse bidiyo, amma kwance su ya fi wahala.

A cikin katin hoto, ko wanda ke haɗe a jikin firosesa, akwai wani ɗan sashe da ba shi da aiki sai wannan kwancewar. In ya san ɗaurin, cikin ruwan sanyi yake yi, firosesa yana hutawa. In bai sani ba sai a jibga wa firosesa aikin. Firosesanka na 2013 ne, zubi na huɗu na Intel, sashen hotonsa HD 4600 ya iya H.264 sosai, shi ya sa 1080 ba ya ba ka matsala. VP9 kuwa, wanda ka ga an rubuta vp09, bai san shi ba, haka HEVC mai bit 10, wato mai zurfin launi. Intel ba ta kammala saka waɗannan biyun ba sai a zubi na bakwai, AV1 kuma sai a na goma sha ɗaya. Ga shi YouTube ba ya ba da H.264 a sama da 1080. Sannan hoton 4K ninki huɗu ne na 1080: ɗigo 3840 sau 2160, sama da miliyan takwas a kowane firem. In bidiyon mai firem 60 ne a sakan, ka lissafa abin da ake nema wajen tsohon firosesa.

Don haka abin tambaya a jikin kati shi ne wane ɗauri ya iya kwancewa. Yawan giga ba shi ne ba. Wancan mai giga 4 da aka nuna maka, me aka rubuta a kwalinsa?

Abban Safiyya (Makka): Na ɗauki hotonsa a waya. GT 730 4GB.

Alhaji Garba mai gyara (Riyad, Bat'ha): Allah ya tsare ka ɗana. Wannan katin da ɗan'uwansa GT 710 sun cika shaguna, ana sayar wa mutane da sunan giga. Babu wanda ya iya HEVC a cikinsu, babu wanda ya iya VP9. Ka saka shi, bidiyonka zai ci gaba da sarƙewa yadda yake. GT 730 ɗin ma iri-iri ne, akwai wanda cikinsa tsohon zubi ne na wajen 2010 aka sauya masa suna. Ni kan teburina ake kawo su, mutum ya saya ya saka bai ga canji ba, ya zo yana zaton kwamfutar ce ta mutu. Abin yana ci min rai, domin yawanci masu ƙaramin ƙarfi ne, mutum ya tara daga albashin wata ya je ya zubar.

Maman Iman (Jidda): Sannunku da ƙoƙari. Ni aikina ɗaukar bidiyon taron mata ne, biki da suna da walima, to bari in sa baki a kan na bikin. Abban Safiyya, tambayi wanda ya ɗauka ko da iPhone ne. In sunan fayil ɗin ya ƙare da MOV to kusan shi ne. Tun 2017 iPhone yake ɗauka da HEVC, daga iPhone 12 kuma ya ƙara da HDR mai bit 10, wato tsarin ƙara haske da launi, yana kunne tun daga kwali in mutum bai kashe ba. A waya ka ga lalle da leshi suna sheƙi, ka kai tsohuwar kwamfuta ta kasa ja. Waɗanda ake turowa ta WhatsApp kai tsaye ba sa wannan matsalar saboda WhatsApp yana matse su ya rage musu nauyi. Naku tabbas a matsayin fayil aka turo, ko ta Google Drive.

Abban Safiyya (Makka): Haka ne Hajiya, MOV ne, ta Drive aka turo. Mijin ƙanwar tamu ya ce yana so Inna ta gani tar, tunda ba ta samu zuwa ba.

Maman Iman (Jidda): Allah sarki. To ko ba ka sayi komai ba akwai mafita ta yau. Sauke HandBrake, kyauta ce, ka juya bidiyon zuwa H.264 a 1080. A kwamfutarka zai ɗauki lokaci, ka sa shi bayan isha'i ka kwanta. Kar dai ka goge na asali. Nan gaba kuma ka ce musu su shiga saitin kyamara, wajen Formats, su zaɓi Most Compatible.

Malam Lawal (Madina): Ni tambaya gare ni irin ta wanda ba fanninsa ba. Talabijin ɗin da ka saya ba ta da YouTube a jikinta ne? Tawa ina kallon sallar Harami kai tsaye a kanta ba tare da wata kwamfuta ba. Bidiyon bikin kuma a zuba a filas a soka mata. Me ya kawo kashe riyal 500 alhali ga haya ga sabunta iƙama?

Injiniya Nura (Riyad): Malam, maganarka tana kan hanya. Talabijin mai 4K ta zamani tana kwance HEVC da VP9 da kanta. Abin lura ɗaya, in filas ɗin FAT32 ne ba zai karɓi fayil da ya kai giga 4 ba, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, ya danganta da wanda talabijin ɗin ke karantawa.

Abban Safiyya (Makka): Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Na gwada filas, wasu sun buɗe wasu ta ce ba ta gane su ba. Kuma gaskiya kwamfutar ce cibiyar gidan. Duk bidiyoyin iyali suna cikinta, na suna, na saukar karatu, na lokacin da mahaifinmu yake da rai. Maktaba Shamila, manhajar littattafan addini, ma a kanta nake karatu, yara kuma a nan suke aikin makaranta. Ina so in zauna wuri ɗaya in buɗe duk abin da nake so, ba ina cire wannan ina soka wancan ba.

Malam Lawal (Madina): To wannan hujja ce. Allah ya jiƙan mahaifi, ya kai haske kabarinsa.

Injiniya Nura (Riyad): Amin. In haka ne, shawarata GT 1030. Ya fito a 2017, wat 30 kacal yake sha, daga ramin da aka soka shi yake samun wutarsa. Yana kwance HEVC har mai bit 10, yana kwance VP9, kuma bakinsa na HDMI 2.0 ne, wato 4K a 60. Ka nemi gajere, wanda 'yan kasuwa ke cewa low profile, ka tabbata ɗan gajeren ƙarfen baya yana cikin kwalin. Iri biyu ne ta fuskar memori: mai GDDR5 da mai DDR4 da aka fito da shi daga baya da suna ɗaya. Na DDR4 ya fi rauni nesa ba kusa ba, kuɗinsu kuma ba wani bambanci, don haka ka karanta kwali da kyau.

Habibu (Jidda): Ni fa Injiniya ban gamsu ba. A sa mutum ya sayi katin 2017 yanzu? Ba shi da AV1, kuma YouTube can ya nufa. NVIDIA ma sun sanar cewa daga Oktoban 2025 sun daina yi wa wannan zubin sababbin direbobi, wato manhajar da ke tafiyar da katin, sai na tsaro kawai zuwa 2028. In girman akwati ne matsalar, akwai RTX 3050 mai giga 6, wat 70 yake sha, ba ya son ƙarin waya, kuma akwai gajerensa. Shi yana da AV1.

Injiniya Nura (Riyad): Wannan karon ka kawo magana mai nauyi, duk abin da ka faɗa haka yake. Inda muka rabu shi ne kuɗin 3050 ya haura abin da ya ware, ya ma fi kuɗin kwamfutar gaba ɗaya, kuma yawancin gajerun suna da kauri, gurbi biyu suke ci. Abban Safiyya, buɗe murfin ka duba mana tsakanin dogon ramin da akwatin wuta.

Abban Safiyya (Makka): Na buɗe. Dogon ramin mai launin shuɗi yana dab da akwatin wuta, yatsuna biyu da ƙyar suke shiga tsakani. Ƙura kuma ta yi kauri a jikin fanka, har ta toshe ramukan gaba.

Alhaji Garba mai gyara (Riyad, Bat'ha): To ka ga siriri kawai zai zauna a nan. Ƙurar kuma ka fara da ita kafin komai. Zafin ƙasar nan da ƙurarta su ke kashe injinan nan. Firosesa in ya yi zafi da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, sai sarƙewar ta ƙaru. Cire wuta, ka fita da ita waje, ka riƙe fankar da yatsa ka hure ta. In akwai mai gyara kusa ya sauya maka man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi, wanda ke ciki ya bushe tuntuni. Sannan a GT 1030 akwai marar fanka, shiru yake, amma a cikin matsattsen akwati irin wannan, a Makka da rani, ni mai fanka zan ce ka ɗauka.

Mustafa (Madina): Na ji ana yabon Intel Arc A310 wajen bidiyo. Shi fa? Akwai kuma RX 6400 na AMD, na gan shi siriri.

Injiniya Nura (Riyad): A310 gwani ne a wannan fanni, yana kwance AV1 har ma yana ɗaure shi. Sai dai Intel sun gina katunan Arc ne don sababbin injina, daga zubi na goma zuwa sama, masu abin da ake kira Resizable BAR. Ba zan tura mai injin 2013 ya yi gwaji da kuɗinsa ba. RX 6400 kuwa, duk da na 2022 ne, ba shi da AV1, shi da RX 6500 XT. Mutane da yawa sun ɗauka kowane sabon kati yana da shi.

Tunda Habibu ya taɓo gobe, bari in faɗi abin da ya fi damuna. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma daga zubi na takwas take karɓa a hukumance. Kwamfutar nan ba za ta hau ba. Don haka duk kuɗi mai yawa da aka zuba mata ba zai dawo ba. Wanda yake da hali, ƙananan kwamfutocin nan masu firosesa Intel N100, da ba su fi tafin hannu biyu ba, suna kwance HEVC da VP9 da AV1 duka, suna ɗaukar Windows 11, wuta kuma kaɗan suke sha. Ko dai kati mai araha yanzu ta ƙara maka shekara biyu zuwa uku, ko ka haƙura ka tara ka sayi irin wannan. Tsakiyar ce ban yarda da ita ba.

Habibu (Jidda): N100 ba ya ɗaukar wasannin kwamfuta fa.

Maman Iman (Jidda): Habibu, bawan Allah bai ce zai yi wasa ba. Innarsa yake so ta ga bikin 'yarta.

Habibu (Jidda): Haka ne Anti, na karɓa. Amma ina nan a kan cewa AV1 zai dame shi nan gaba.

Injiniya Nura (Riyad): In ya dame shi akwai enhanced-h264ify da ake ƙara wa Chrome ko Firefox, ya toshe AV1 kaɗai, YouTube ya koma ba shi VP9.

Abban Safiyya (Makka): Na gode ƙwarai jama'a. Na yanke shawarar GT 1030 ɗin, ƙaramar kwamfutar kuma sai bayan aikin Hajji in Allah ya hore. Na ga wasu a Haraj, shafin sayar da kayan hannu, da araha. In saya a can?

Alhaji Garba mai gyara (Riyad, Bat'ha): Ana samun na kirki a hannun mutane, amma kar ka biya sai an soka shi a gabanka. Akwai jabun katuna da yawa a kasuwa, musamman masu sunan GTX 1050 Ti, a ɗauki tsohon kati a sauya masa suna har Windows ta yarda. Ka tafi da manhajar GPU-Z a filas, tana rubuta FAKE a gaban sunan da yawa daga cikinsu, kuma a nan za ka ga GDDR5 ne ko DDR4. Kati mai bakin VGA da aka ce maka 1050 Ti ne, ajiye shi ka tafi. A ƙaramin kati irin wannan ni na fi son ka sayi sabo da rasit, in da matsala ka mayar.

Abban Safiyya (Makka): Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Na shiga Jidda na samo sabo a shagunan kwamfuta na titin Khalid bin Walid, mai GDDR5, mai fanka. Na sauya masa gajeren ƙarfen, ya zauna daidai. Yanzu bidiyon bikin yana tafiya ba tsayawa, CPU ya sauko ƙasa sosai, layin Video Decode ne ke aiki. Sai dai abu biyu. Linzami yana tafiya da nauyi-nauyi a allon, kuma launin bidiyon ya yi fari-fari, jan leshin amarya ya koɗe.

Injiniya Nura (Riyad): Madalla. Nauyin linzamin alamar allon yana kan 30 ne maimakon 60. Da wace waya ka jona?

Abban Safiyya (Makka): Tsohuwar da nake amfani da ita. Da can ta wani ɗan abin juyi take bi, saboda kwamfutar ba ta da bakin HDMI. Yanzu na soka ta kai tsaye a katin.

Injiniya Nura (Riyad): To duba abu uku a jere. Shiga Advanced display settings a Windows ka ga ko zai ba ka 60. In bai bayar ba, je saitin talabijin, domin yawancinsu sai an buɗe wa bakin HDMI cikakken ƙarfinsa da hannu: a LG sunansa HDMI Ultra HD Deep Colour, a Samsung Input Signal Plus, a Sony Enhanced format. Wasu talabijin ma ba kowane baki ne ke ɗaukar 4K a 60 ba, karanta ɗan rubutun da ke gefen kowanne. In duk ka yi hoto yana ɗaukewa ko yana walƙiya, wayar ce, ka nemi wadda aka rubuta Premium High Speed, mai gigabit 18. Ba sai mai tsada ba.

Maman Iman (Jidda): Koɗewar launin kuma HDR ɗin nan ne da na faɗa. In ka buɗe wancan saitin na talabijin, kunna HDR a Windows lokacin kallo, in ka gama ka kashe, don rubutu ba ya kyau da shi. Da me kake kunnawa?

Abban Safiyya (Makka): VLC. Na buɗe Deep Colour ɗin, 60 ta fito, wayar ma ba ta ba da matsala ba. Na kunna HDR launi ya dawo. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya biya ku da gidan Aljanna.

Sulaiman (Dammam): Amin. Ina ta bin ku a hankali. Tawa HP ce doguwa, i5-7500. Ni ma in nemi GT 1030 ɗin?

Injiniya Nura (Riyad): A'a Malam Sulaiman, riƙe kuɗinka. Naka zubi na bakwai ne, HD 630 da ke jikinsa ya riga ya iya HEVC mai bit 10 da VP9. In yana sarƙewa, sabunta direban Intel, ka tabbata Hardware acceleration yana kunne a birawuzarka. Sannan leƙa bayan akwatin: in DisplayPort gare ka zai ba da 4K a 60, amma in za ka juya shi zuwa HDMI sai ka nemi abin juyi wanda aka rubuta active da 4K 60Hz a kwalinsa. Turo min hoton bayan in gani.